Mama Eleuteria da Rigar Lauya

Da asubar ranar Talata, tun ƙararrawar coci ba ta buga ba, Mama Eleuteria Pariona tana durƙushe a bakin rafin Santa Rufina tana kwance ƙullin wanki. Ruwan daga ƙanƙarar kan tsaunuka yake gangarowa, in ka tsoma hannu sai ka ji kamar an datse maka yatsu da ƙyaure. Ita ta daɗe da daina jin wannan. Shekara talatin da huɗu ke nan tana wanki a kan dutse ɗaya, har gwiwoyinta sun yi masa gurbi biyu.

Ƙulli uku ta ɗauko ran nan: na mai kantin magani, na fadan coci, da na bariki. Na barikin ta fara kwancewa, don mugun aiki gara a gama da shi tun da sauran ƙarfi. Kayan wani saje ne da ba wanda ya san sunansa na gaskiya, Shaho kawai abokansa suke kiransa. Safa, singileti, korayen wanduna biyu, tawul. A can ƙasa, a cukuikuye, ga wata farar riga mai dogon hannu.

Eleuteria ba ta taɓa shiga aji ba, don haka da zare take rubutu. Duk gidan da take yi wa wanki yana da alamarsa da ta ɗinka a cikin wuyan riga, inda ido ba ya kaiwa. Mai kantin magani shuɗin zare ne a gicciye, fada baƙi ne layi ɗaya. Ta juya wuyan farar rigar kamar yadda take yi wa kowace, sai ta ga ƙulli uku na jan zare.

A duk garin gida ɗaya ne mai wannan alama, gidan Dokta Zenón Arones.

Ta warware rigar da kyau. Gaban ya bushe ƙamas da jini tun daga wuya har ciki. A baya, tsakanin kafaɗu, ga sawun takalmin soja na jar laka, kwance ɓaro-ɓaro har ana iya ƙirga haƙoran ƙasansa. A aljihu kuma ga tabon tawadar da ta sha yin faɗa a kansa. Ita ta goge rigar nan da hannunta ranar Alhamis da ta wuce.

A wani ƙauye can sama aka haifi Eleuteria, inda ko masara ba ta yi sai dankali. Tana da shekara goma sha ɗaya aka sauko da ita aikatau. Ta auri wani mai alfadarai da ke dakon gishiri, ya zame a hanyar dutse shi da dabba da kaya, ya bar ta da 'ya ɗaya, Basilia. Daga nan ta kama wanki. Ba mace ce mai yawan magana ba, kuma ba ta taɓa ɓatar wa kowa da ko safa ɗaya ba. Shi ya sa da aka rasa tsohuwar da ke yin wankin kwana biyar, ita aka riƙa kira. In mutum ya mutu, ranar kwana biyar sai a kwashe tufafinsa a kai inda rafi biyu suka haɗu, wanda ba dangi ba ya wanke su tas. In ba a yi ba, ruhun mamacin ba ya samun hanya, sai ya yi ta gewaya gidansa yana neman kayansa. Rabin mutanen da ke kwance a maƙabartarmu ita ta sallame su.

Dokta Zenón kuwa lauya ne, ba likita ba, amma a wurinmu duk wanda ya ɗaura taye ya shiga kotu Dokta ne. Lokacin da sojoji suka zo farautar 'yan tawayen da ke kan tsaunuka, lauyoyi goma ne a garin. Aka fara ɗauke mutane daga gidajensu, daga gona, daga motar haya, a neme su ko sama ko ƙasa. In iyali sun je tambaya a ce ba a san da su ba. Abin da ya rage wa dangi shi ne takardar ƙorafi ta neman alƙali ya sa a fito da mutum a gan shi, kuma da farko lauyoyi da yawa suna rubutawa. Sai aka tsinci ɗayansu a kwazazzabo, an ɗaure masa hannu da waya. Uku suka hau motar Lima, babban birnin ƙasar, ba su waiwayo ba. Sauran suka koma shari'ar iyakar gona da rabon gado. Zenón kaɗai ya ci gaba da sa hannu.

Kullum ƙofarsa cike take da mata, kowace riƙe da ɗan hoton da ta yanko daga katin zaɓen ɗanta ko mijinta. Ya shigar da takarda sama da ɗari huɗu. Mutum uku kacal suka fito ta dalilinsa. Masu baki suna cewa uku cikin ɗari huɗu ai wahalar banza ce. A je a tambayi iyayen ukun.

In Eleuteria ta kawo wanki, ba ya barin ta wuce sai ya tsokane ta. Mamay yake kiranta, wato inna a yarenmu.

"Mamay, sitacin nan naki ya yi yawa. Jiya rigata ta riga ni tsayawa a gaban alƙali."

"Gara ita, ta fi ka hankali. Dokta, wai da alƙalami kake rubutu ko da aljihu? Dubi tawada!"

"Alƙali ba ya karanta takarduna, shi ya sa nake ba rigata ta karanta."

"Kana wasa. Ka daina sa hannun nan, ka ga abin da ya sami ɗan'uwanka lauya. In gemun maƙwabci ya kama da wuta..."

"Ni ai ba ni da gemu, Mamay. Dube ni, sumul."

Ranar Juma'ar da ta wuce da ƙarfe takwas na safe Dokta Zenón yana zaune a kasuwa yana shan romon kayan ciki da masara, sai ga mota buɗaɗɗiya marar lamba. Mutum huɗu suka diro, fuskokinsu rufe da hular ulu. Suka fizge shi daga kan benci, cokali na hannunsa. Ya ɗaga murya iya ƙarfinsa: "Ni ne Zenón Arones, lauya! A gaya wa matata!" Abin da yake koya wa mutane ke nan su yi in an zo kama su. Kasuwa cike take maƙil, amma kowa ya sunkuya cikin kwanonsa. Matarsa, Señora Nélida, wato Uwargida Nélida, ta je bariki, aka ce ba a taɓa jin sunansa ba. Ta je wurin 'yan sanda, wani ya ce ƙila ya gudu wurin wata mace a Lima, wani ya ce ƙila ya hau tsauni wurin abokansa. Kafin Lahadi mutanen da suka gani da idonsu sun fara cewa su ba su zo kasuwa ba ran nan.

Yanzu ga rigar da aka kama shi da ita a hannun Eleuteria, daga cikin kayan saje. Ya ga yadi mai kyau ne, ya yi sha'awa, ya tura a wanke masa.

Mama Sabina, wadda take wanki a dutsen da ke kusa, ta lura abokiyarta ta sandare. Komadre suke kiran juna, wato aminiya.

"Komadre, maciji kika gani ko tsohon saurayi?"

Eleuteria ta miƙa mata wuyan rigar. Sabina ta duba, ta saki sabulunta ya bi ruwa.

"Yesu, Maryamu! Mayar da ita! Mayar da ita cikin ƙullin, ba ki gani ba, ban gani ba."

"Ta Dokta ce."

"Na san ta Dokta ce, makauniya kika ɗauke ni? Rage murya!"

"Komadre, dubi jinin nan. Mai rai yana zubar da wannan?"

Sabina ta kawar da kai. Eleuteria ta fara lanƙwasa yatsu: Juma'a, Asabar, Lahadi, Litinin. Babban yatsa ya rage. Ta tsaya tana kallonsa.

"Yau kwana biyar," ta ce.

A saninta, shaida takarda ce mai hatimi, irin wadda Dokta ke tarawa a kan teburinsa. Bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa datti a jikin riga zai iya zama shaida. Abin da ta gani shi ne mutumin kirki ya mutu ba gawa, ba kabari, ba mai sallamarsa, kuma Ubangiji ya jefo rigarsa a hannun mace ɗaya da aikinta ke nan, a daidai ranar da ya kamata. Ta cusa rigar cikin mayafinta, ta bar sauran wankin wurin Sabina, ta haura rafi.

Tafiyar rabin awa ce zuwa mahaɗar ruwa. Ta tauna ganyen koka da mutanenmu ke taunawa a wajen al'ada, ta zuba wa ƙasa ɗan barasar rake, ta kira sunansa sau uku, sannan ta juya fuska inda ruwa ya nufa ta fara. Sawun takalmin ne ya fara tafiya, murza biyu ya isa. Jinin ya yi gardama. Ta jiƙa shi da gishiri, ta buga a dutse, ta sake saɓawa, ta shanya a rana da kumfa a jiki, ta ɗauraye. Ta iya aikinta. Da ta gama, ko ɗigo bai rage ba, sai tabon tawada da ya fi ƙarfin kowane sabulu. A gida ta hura gawayi ta goge ta, ta ninke, ta naɗe cikin farin ƙyalle.

Da yamma ta ƙwanƙwasa ƙofar Señora Nélida. Matar ta rame cikin kwana biyar kamar wadda ta yi shekara tana jinya. Ita ce take buga wa mijinta dukkan takardunsa a keken rubutu, don haka ta san shari'a fiye da wasu masu taye. Ta buɗe ƙyallen, ta gane rigar nan take, ta dafa bango.

"A ina kika samo ta?"

"Cikin wankin bariki, Señora. Kayan sajen nan, Shaho."

"Bariki! To sun yi ƙarya! Yana hannunsu!" Ta juya rigar gaba da baya, idonta ya kawo haske. Sai ta dakata. "Haka kika same ta, fes?"

"A'a, Señora. Duk jini ne a gaba. A baya kuma sawun takalminsu."

"Yana ina?"

"Na yi masa wankin kwana biyar. A mahaɗar ruwa, yadda ya dace. Ban rage komai ba."

Señora Nélida ta saki rigar. Ta zame ta zauna a ƙasa, a tsakar gida, ita da ko a benci ba a saba ganinta ba.

"Kin wanke," ta ce a hankali. "Riga da jininsa, da sawun takalminsu, daga cikin barikin da suka rantse bai taka ba. Da na kai ta Lima, da 'yan jarida sun ɗauki hotonta, da likita ya gwada jinin. Shekara biyu Zenón yana neman abu ɗaya irin wannan, abu ɗaya da za a ɗora a kan tebur! Takarda ɗari huɗu, duk 'an ce, an ce'. Ya zo hannunki, kin ba ruwa!"

"Señora, ni ruhunsa na..."

"Wa ya ce miki ya mutu? Kin ga gawarsa? Wa ya aike ki ki sallamar mini da miji?"

Eleuteria ta tsaya riƙe da hularta. A shekara talatin da huɗu ba a taɓa cewa ta ɓata aiki ba. Ta dubi hannayenta kamar na wata ne aka liƙa mata. Ba ta ba da haƙuri ba, don ta san haƙuri ba zai dawo da abin da ya bi rafi ba. Ta juya ta tafi. Washegari da sassafe ta dawo ta zauna a dokin ƙofa, har matar ta fito.

Laraba da Alhamis suka yi suna zaga lauyoyin da suka rage, su biyar, duk abokan mijin, duk sun ci abinci a teburinta. Na farko ta taga ya yi musu magana. Na biyu ya ce, "Nélida, ina da 'ya'ya huɗu," ya fashe da kuka, ya rufe ƙofa. Na uku ya ce shi yanzu shari'ar aladen da ya shiga gonar maƙwabci yake yi, kuma ko aladen ma tsoron kare shi yake yi. Biyun ƙarshe aka ce ba sa nan, alhali ga hulunansu rataye a zaure.

Doka ta yarda kowa ya shigar da irin wannan ƙorafi ko ba lauya. Señora Nélida ta zauna ta buga takardar da kanta, kamar yadda ta buga ɗari huɗu, sai dai wannan karon sunan mijinta ta sa a layin wanda ake nema. Ranar Juma'a suka kai kotu.

Magatakardan kotun tsoho ne mai tari, ya san su duka. Ya warware rigar a kan tebur, ya ɗaga ta a haske.

"Señora, wannan ai rigar zuwa coci ce. Ina jinin da kika rubuta? Ina sawun?"

"Dubi cikin wuyan, akwai alamar mai wanki."

"Jan zare. Matata ma tana da jan zare." Ya waiwaya ya ga ba kowa kusa, ya rage murya. "Rigar ba ta cewa komai. Sai dai in wadda ta gani za ta tsaya shaida, da cikakken suna, da unguwa, da yatsa. Kuma kin fi ni sani, kwafin takardar bariki ake aikawa su ba da amsa. Yau da rana zai isa. Su amsar ba za su bayar ba, amma karatu suna karantawa."

Señora Nélida ta dubi tsohuwar da ke gefenta, da takalmin tayar mota a ƙafa da kitso biyu da furfura ta cinye. Fushin kwana uku ya sauka daga fuskarta. Ta fara ninke takardar.

"Mu tafi, Mamay. Zenón ba zai yarda ba. Ya isa haka."

Eleuteria ta ɗora hannu a kan takardar, ta dubi magatakarda, ta kira shi Taytay, wato baba, yadda muke girmama namiji.

"Taytay, rubuta. Eleuteria Pariona, unguwar masu jima, gida na ƙarshe kafin gada."

"Mamay, kin ji abin da na ce kuwa?" in ji Señora Nélida.

"Kunnena ƙalau. Abin da rigar za ta faɗa, ni na hana ta faɗa. To sai in faɗa. Rubuta: jini daga nan zuwa nan. Sawu a nan, haƙora tara, na ƙirga. Ƙullin Shaho, na karɓo a ƙofar bariki Litinin da yamma."

Ya rubuta. Da aka zo dangwala yatsa sai abin ya ƙi. Sabulu da dutse sun cinye zanen yatsanta, in ta danna sai ya fito baƙi sumul kamar ƙwan wake.

"Tsohuwa, ke ko yatsa ba ki da shi."

"Gwada na hagu, shi ya fi lalaci."

Sai a karo na uku ya fito. Magatakarda ya buga hatimi, ya tura musu rigar. "Ku tafi da ita. In ta kwana a nan, ba za ta wayi gari ba."

Asabar ce ranar mayar da wankin bariki. Sabina ta same ta a gida tana ɗaure ƙulli, safa a jere, wanduna a goge.

"Komadre, kin haukace? Takarda ta isa tun jiya, riga kuma babu. Ki gudu ƙauyenku!"

"Wane ƙauye? Wanda aka ƙone bara?"

"To ki ɓuya a wurina. Ki shiga ƙarƙashin gado, ni in kwanta a kai, in sun iya ɗaga ni su gwada."

"In ban kai musu ba, su za su zo karɓa. A gidan nan kuwa akwai Basilia da yaranta biyu. Gara su same ni a ƙofarsu da su neme ni a tawa."

"To bar ni in kai."

"Ke da ba ki iya ninke wando ba? Kya ja mini abin kunya." Ta kwance ɗan ƙullin zaren da ke ɗamararta, ja da shuɗi da baƙi, ta damƙa mata. "Fada ba ya son sitaci. Mai kantin magani kuwa ki duba aljihunsa, kullum sai ya manta ƙwaya a ciki."

Ni mai ba ku labarin nan magini ne, ran nan ina yaɓen katangar wani shago daidai tsallaken ƙofar bariki. Wajen ƙarfe tara sai ga ta tafe a tsakiyar titi, ƙulli goye a baya, ta sa farar hularta ta ranar Lahadi. Ta zo daidai inda nake, ta ɗaga kai ta dubi aikin.

"Taytay, katangar nan taka a karkace take."

"Idonki ne, Mamay."

"Sa igiya ka gani."

Ta tsallaka titi. Da can a bakin ƙofa take ajiye ƙulli, mai gadi ya shiga da shi. Ran nan mai gadin ya dube ta, ya dubi wata takarda a hannunsa, ya buɗe ƙaramar ƙofar ƙarfe ya matsa gefe. Mama Eleuteria ta gyara ƙullin a kafaɗa, ta karkaɗe ƙurar da ke bakin siket ɗinta, ta sunkuya don kada hularta ta bugi ƙarfen sama, ta shiga.